Salongo Kiggundu da Inshorar Biredi

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba marubuciya ba ce. Aji uku nake a sakandare, kuma malamarmu kullum sai ta ce ina tsallake waƙafi kamar mai tsallake kwata. A bayan littafin lissafi nake rubuta wannan, in na ji motsi sai in juya shafi. Labarin wani mutum ne a garinmu Kitoola, kan hanyar Masaka. Kar ku tambaye ni me ya haɗa ni da shi. In kun san shi kuma, don Allah kar ku ce ni na faɗa.

Sunansa Kiggundu, amma tun ranar da matarsa ta haifi tagwaye mata, Babirye da Nakato, ba mai kiran sunan nan haka kawai. Salongo ake ce masa, uban tagwaye, matarsa kuma Nalongo. Wasu mazan in sun samu wannan suna sai su ƙara nutsuwa. Shi kuwa tun daga ranar ya tara gashin baki, baƙi wuluk, mai lanƙwasa sama ta kowane gefe, kullum yana murza shi yana cewa namijin da ya yi biyu a tashi ɗaya ba a haɗa shi da gama-garin maza. Nalongo takan ce, "Ni dai na san wadda ta yi naƙudar."

Shekara da shekaru a kan keke yake kai biredi shaguna, da akwatin katako a baya. Kullum ya dawo sai ƙorafi, wai keke ne ya danne masa arziki, da mota ce da tuni har Kampala an san shi. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, har Nalongo ta gaji, ta sayar da shanunta biyu da ta gada daga mahaifinta. Aka sayo wata tsohuwar farar bas wadda aka cire wa kujerun baya.

Ranar da ta miƙa masa mukulli ta ce, "Salongo, ba mota ce wannan ba, shanun babana ne suka yi taya. In ka kashe ta, ba ni da wani abin sayarwa. Kekenka yana nan rataye a kicin."

"Ki ba yara su yi wasa da shi."

Da yamma ya tsayar da motar a gindin mangwaro, inda Lule mai aski yake aiki, kusa da shagon Hajji Kateregga. Nan ne majalisar garinmu. Ya fito yana kaɗa mukulli a yatsa.

Hajji ya leƙo ta kan kanta ya ce, "A'a, Salongo, ina ka baro jakinka mai ƙafa biyu?"

"Hajji, ku shaida. Lule, kai ma ka shaida. Ranar da kuka sake ganin gindina a kan sirdin keke, ku zaunar da ni a kujerar nan ku aske mini gashin baki ƙwal, ba zan ce uffan ba."

Lule ya ɗaga aska ya duba ta a rana, ya ce, "Na ji. Kyauta ma zan yi maka."

Washegari ya sa kwat ya tafi Masaka yin inshora, don Nalongo ta ce motar ba za ta taka kwalta ba sai da takarda mai kyau, wadda ko hatsari aka yi kamfani zai gyara. A ofis ɗin ya tarar da wata matashiya mai tabarau, sunanta Namuleme.

Ta kira shi da Sebo, wato Malam a yarenmu, ta ce, "Sannu da zuwa, Sebo. Me motar za ta riƙa ɗauka?"

"'Yata, ki tambaye ni me ba za ta ɗauka ba."

"To ai kowanne da takardarsa. In kayanka ne na kanka, da irinta. In kayan mutane za ka riƙa ɗauka a biya ka, da irinta. In fasinja ne, wannan kuma daban ce, sai ma an duba kujeru. In duka za ka haɗa, ka faɗa mini duka in rubuta, mu yi maka wadda ta rufe komai."

Ya ce ta faɗa masa kuɗin mai rufe komai ɗin. Ta faɗa. Sai tari ya sarƙe shi, har ta miƙo masa ruwa.

Da ya lafa ya ce, "Biredi."

"Biredi kawai?"

"Biredi zalla. Ni ko ƙuda ba na rage wa hanya."

"Sebo, ka ji ni da kyau. In aka yi hatsari aka tarar motar tana wani aiki ban da wanda ka faɗa, kamfani ba zai biya ko ƙusa ɗaya ba."

"Na ji, 'yata. Na girmi babanki a harkar nan."

Ya sa hannu, aka ba shi takarda ya manna a gilashi. Ragowar kuɗin da Nalongo ta ba shi kuwa, lasifika ya saya aka ɗaura a saman motar, aka kuma rubuta mata suna da jan fenti a goshi: BA TA GAJIYA. A hanyar gida yana tuƙi yana dariya shi kaɗai. Wai takarda! Takarda tana da ido ne? Tana manne a gilashi tana kallon gaba, ina za ta san abin da ke baya?

Nalongo ta tambaye shi, "Wace iri ka yi?"

"Babbar. Mai rufe komai."

Sati bai zagayo ba ya sa kafinta ya yi masa benci uku masu shiga da fita, da alluna huɗu masu rataya. Ɗaya an rubuta BIREDI. Ɗaya 'YAN MAKARANTA. Ɗaya BIKI DA SUNA. Na ƙarshe baƙi ne da farin rubutu, SAI WATA RANA, wannan na kai gawa ne. Da safe ya kai biredi, ya dawo ya sa benci ya kwashi 'yan nasare. Ranar kasuwa ya cire benci ya loda awaki. Laraba ya gangara bakin tafki ya kwaso kifi. Lahadi mawaƙan coci. In an yi rasuwa sai ya juya allo, ya sa waƙar jimami a lasifika, ya ɗaure fuska kamar ubansa ne ya mutu. Akwai ranar da ya manta bai canja allo ba, ya je ɗaukar amarya da SAI WATA RANA, uwar amarya ta bi shi da muciya har bakin titi.

Mutanen gari kuwa suka ji daɗi, don da can ba su da mota sai 'yan acaɓa. Shi kuma kansa ya ƙara girma. In ya zo majalisa sai ya ce, "Motata tana kai mutum makaranta, ta kai shi ɗaurin aure, ta kai shi kabari. Ko gwamnati ba ta yi muku haka ba."

Hajji yakan ce, "Kuma duk takarda ɗaya ce ta rufe?"

"Hajji, kai dai ka auna sukarinka. Harkar inshora ba ta masu kanti ba ce."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, Mista Serwadda mai gidan biredi ya sallame shi tun wata na biyu. Shaguna ne suka fara ƙorafi, wai biredi yana ƙarnin kifi. Sai wata mata ta dawo da nata har gidan biredin ta ce ita ba ta sayi mai zabibi ba, kuma wannan abin da ke cikin ledar ba zabibi ba ne, ta yi kiwon awaki ta sani. Daga ranar Serwadda ya ce kar ya sake ganin motar a ƙofarsa. Salongo bai gaya wa Nalongo ba. Kullum da sassafe sai ya loda akwatunan da ba komai, ya rataya allon BIREDI, ya ɗaga mata hannu, in ya sha kwana ya canja allo.

Ana nan sai damina ta biyu ta kawo fara, don mu sau biyu muke damina a shekara. Kun san yadda garinmu yake a watan Nuwamba, kowa ya zama ɗan kasuwar fara, har malaman makaranta. Ranar wata Asabar aka ɗauki Salongo haya ya kai dangin wani ango gidan surukai, bikin gabatarwa. Mata goma sha ɗaya, kowace ta sha gomesi, doguwar rigar nan tamu mai tsinin kafaɗa, ta ci ɗamara. Shugabarsu Senga Nakiwala ce, gwaggon ango, mace mai jiki da murya, ita ta zauna gaba. Baya kuma ga kwandunan kaya, ga sukari, ga akuya, ga zakaran da ake ba wan amarya.

Za su tashi ke nan wani ɗan kasuwa ya rugo, wai buhu huɗu ne na fara mai rai, a sauke masa a mahaɗar babban titi.

Senga ta ce, "Salongo, ina za ka sa su? A kanmu?"

"Senga, Ba Ta Gajiya ba ta cika. Ku ɗan matsa."

"In muka makara surukai suka ci mu tara, kai za ka biya."

"Makara? Ni? Ki riƙe ɗamararki."

Aka cusa buhuna kusa da akuya, ya take mota. Suna cikin gangaren nan na bayan gonar kofi, akuya ta ga buhu a bakinta, ta ce me za ta jira. Ta ci kusurwa ɗaya. Fara ta fito kamar hayaƙi.

Ku da ba ku san matan garinmu ba za ku zaci ihu suka yi. Ina! Jakunkuna suka buɗe. Wannan ta cafko ta zuba a jaka, waccan ta cire mayafi tana tarewa, wata tana cewa, "Ke Nabbosa, wannan ɓangarena ne, ki kama na gabanki!" Zakara ya tsinke igiya shi ma ya shiga farauta, yana tsalle daga kai zuwa kai. Gilashin gaba ya yi kore shar.

Salongo yana ihu, "Ku zauna! Kayan mutane ne! Ku zauna ba na gani!"

Sai wata ƙatuwar fara ta sauka a kan gashin bakinsa. Senga Nakiwala ta gan ta. Ta ce, "Tsaya, kar ka motsa, wannan mai ƙwai ce," ta kai masa cafka da hannu biyu.

Motar ta bar hanya, ta kwantar da ayaba bakwai, ta je ta rungumi wani suri mai tsayin mutum. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo sai Senga da ta gurɗe a hannu. Akuya ta fita ta taga, har yau ba a gan ta ba. Matan suka kakkaɓe gomesi suka hau acaɓa bibbiyu, kowace rungume da jakarta. Motar kuwa gabanta ya shige ciki, ruwa yana zuba, tana huci. Tarakta ce ta jawo ta zuwa gindin mangwaro. Makanike ya leƙa, ya fito, ya cire hula kamar mai gaisuwar mutuwa.

Nalongo ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tunda babbar takarda ka yi, ai sai su gyara."

"Gyara? Sabuwa za su ba ni."

Ranar Litinin ya koma wurin Namuleme. Ta ɗauko takardar cikewa.

"Me ke cikin motar lokacin hatsarin, Sebo?"

"Biredi."

"Mutum nawa?"

"Ni kaɗai da Ubangijina."

"Me ya jawo?"

"Ƙwaro ne ya shige mini ido."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta. Ta ce ranar Alhamis mai duba hatsari zai zo ya ga motar da idonsa.

Kwana biyu Salongo yana wanke mota. Ya wanke da omo, ya wanke da toka, ya ƙona turare a ciki. Ya kwashe benci da alluna uku ya kai cikin gonar ayaba ya rufe da busasshen ganye, ya bar na BIREDI kawai. Ya sayi biredi shida a shagon Hajji ya jera a akwati. Da a nan ya tsaya, wataƙila da ya sha. Amma bakin Salongo ba ya kwana da yunwa.

Yana sayen biredin Hajji ya ce, "Mai kai biredi yana sayen biredi? Lule, fara wasa askarka, na ga alamar keke."

Jama'a suka kwashe da dariya. Salongo ya ji kamar an watsa masa barkono. Ya murza gashin baki ya ce, "Ku yi dariyarku. Ranar Alhamis babban mutum zai zo daga kamfani takanas saboda ni. Labarin hidimar da motata take yi wa al'umma ya kai har hedikwata. Sun ce irin wannan mota ba a barin ta ta kwanta. Sabuwa fil za su ba ni, mai kujeru."

Ashe Ciyaman ɗin ƙauye yana kujerar Lule, rabin kansa a aske. Ya miƙe da kumfa a kunne ya ce, "Babban baƙo zai shigo Kitoola ban sani ba? Salongo, ka so ka kunyata mu. Dole a yi masa tarba."

Salongo ya yi sauri ya ce, "Ciyaman, ba sai an wahala ba. Mutumin ba ya son hayaniya."

"Babu babban da ba ya son tarba. Kuma zan rubuta maka takardar shaida da hatimina, in lissafa duk alherin da motar nan ta yi. Kowa ya zo ya faɗa da bakinsa, don su san ba a banza za su ba ka sabuwar ba."

"Ai da an bar..."

Hajji ya ce, "Kai, Salongo, yau kuma kunya kake ji? Ni zan ba da lemo."

Ranar Alhamis tun hantsi an kafa rumfa a gaban motar, an jera kujerun roba, mata sun turara ayaba da miyar gyaɗa, an yanka kaji. Mawaƙan coci suka zo da ganga. 'Yan nasare suka yi layi da kayan makaranta. Salongo ya fito da farar doguwar riga da kwat, yana bin mutane ɗaya ɗaya yana raɗa musu, "In ya tambaya, biredi kawai za ka ce." Kowa sai ya ce, "Haba Salongo, daina ƙanƙan da kai, yau ranarka ce."

Yana juyowa ya ga allunansa uku rataye a jikin rumfa, an wanke su tas, an zagaye su da furanni. Matasan gari ne suka tsinto su a gonar ayaba, suka ce lallai ɓarayi ne suka ɓoye. SAI WATA RANA ne a tsakiya, daidai saman kujerar baƙo.

Kafin ya kai hannu aka ce ga baƙo nan. Ana ta hangen babbar mota, sai ga ɗan acaɓa ya sauke wani siririn mutum mai lema da ɗan littafi. Ya ce sunansa Opolot, ya zo duba mota. Ganga ta tashi. Aka kama shi aka zaunar, aka sa masa littafin baƙi a gaba, aka buɗe masa lemo. Ya dubi jama'a, ya dubi alluna, ya ciro biro.

Salongo ya matso. "Sebo, mu je ka ga motar, biredin ma yana ciki."

Ciyaman ya ce, "Zauna, Salongo. Ba a duba mota kafin jawabi."

Ya gyara murya, ya gaida baƙo, ya gaida kakannin baƙo, ya gabatar da mataimakinsa da ma'aji da sakatariyar mata, sannan ya warware takarda. "Ni, Ciyaman na Kitoola, ina shaida cewa motar nan Ba Ta Gajiya ta kai gawa tara makwancinsu. Ta kai amare shida. Tana kai yara ashirin da biyu makaranta kullum. Ta kai awaki kasuwa ba adadi..."

Aka yi tafi. Opolot yana rubutu. Ya ɗaga kai a hankali ya ce, "Yara nawa ka ce, Ciyaman?"

"Ashirin da biyu. Ranar ruwa har talatin."

Salongo ya ce, "Wata motar yake nufi."

"Wace motar? Muna da wata ne?"

Sai Jajja Nansubuga, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, ta rarrafo ta durƙusa gaban baƙo. "Ɗana, ka gaya wa manyanka. Da mijina ya rasu, motar nan ce ta kai shi har ƙauyensu, da akwati da masu kuka goma sha biyar."

"Sebo, Jajja ta tsufa, ta fara rikicewa."

"Ni ce na rikice? Kai da ka ce kujerar gaba ta fi tsada, har na ce to a sa marigayin a gaba ni in zauna baya?"

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Malamar nasare ta ɗaga hannu, yara suka rera waƙar da ta koya musu, wai motar Salongo mai ƙamshin kifi, tana kai mu mu yi karatu. Mai kifi ya tashi ya yi godiya. Mahauci ya tashi ya yi godiya. Duk wanda ya zauna sai Opolot ya tambayi sunansa, ya ce a maimaita masa sannu a hankali. Ciyaman ya sunkuyo ya ce wa Salongo, "Ka gani? Komai yana rubutawa. Mutumin nan ya ji daɗi."

Gumi ya jiƙa kwat ɗin Salongo har baya.

Sai ga Senga Nakiwala ta ratso jama'a da hannu a naɗe. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Sebo, ni ina cikin motar ranar da abin ya faru. Kar ku ga laifinsa, direba ne na gaske. Da wani ne da mu goma sha ɗayan nan mun mutu."

Opolot ya ce, "Goma sha ɗaya, Nyabo?" wato Uwargida.

"Ban da akuya da zakara."

"A nan an rubuta shi kaɗai ne, kuma ƙwaro ne ya shige masa ido."

"Ƙwaro ɗaya? Buhu huɗu dai! Ga ma tsarabarka." Ta miƙa masa ƙullin soyayyiyar fara. "Daga cikin na motar ne, ni na kama da hannuna."

Salongo ya miƙe tsaye. Ya ga in bai yi magana yanzu ba, shi ke nan. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Sebo, ka san halin mutanen ƙauye da ƙarin gishiri. Duk wannan taimako ne na maƙwabtaka, jefi-jefi. Amma sana'ar motar nan, ta asali, wadda take yi kullum ta Allah, biredi ce. Ga allo, ga akwatuna, ga biredi. Kowa ya sani!"

Daga can baya aka ce, "Biredin wa?"

Mista Serwadda ne, da gari a gaban rigarsa. Ya ce, "Ni dai rabon da in ba shi ko ɓawon biredi wata biyar ke nan. Gidan biredi kuma ɗaya ne a yankin nan."

Hajji ya ce, "Waɗancan shidan a wurina ya saya shekaranjiya. Sun ma kwana biyu kafin nan."

Nalongo tana tsaye bakin tukunya da ludayi a hannu. Ta ce, "Wata biyar? To akwatunan da kake lodawa kullum da asuba fa?"

Salongo ya juya ya kalli akwatunan. Ya kai hannu gashin baki, hannun ya kasa murzawa.

Opolot ya rufe littafinsa. Ko motar bai leƙa ba. Ya ce, "Salongo, kamfani ya yi wa motar biredi inshora. Wannan motar na ji ta ɗauki yara, ta ɗauki amare, ta ɗauki matattu, ta ɗauki kifi da awaki da fara. Biredi ne kawai ba ta ɗauka. Ba za a biya ba. Ka gode wa Allah ba wanda ya mutu a cikinta, da ba ni za a turo maka ba." Ya juya wurin Ciyaman. "Zan iya tafiya da takardar nan? Ta rage mini aikin sati guda. Hatimin ma ya fito sosai."

Ciyaman ya miƙa masa da hannu biyu, sannan ya ce, "To sabuwar motar fa, yaushe za a kawo?"

Opolot ya sa hannu a littafin baƙi, ya ɗauki ƙullin fararsa da lemarsa, ya kira ɗan acaɓa.

Jama'a dai ba su bar abinci ya lalace ba, suka zauna suka cinye. Nalongo ta ajiye ludayi, ta zagaya motar sau ɗaya, ta dafa goshinta inda aka rubuta BA TA GAJIYA, kamar yadda ake dafa saniya. Ta dawo ta miƙa hannu. Ya ciro mukulli ya sa mata.

Yanzu motar tana bayan gida a kan duwatsu, Nalongo ta zuba kaji a ciki. Ta kuma je da kanta ta roƙi Serwadda, ya yarda a mayar wa Salongo aikinsa, amma a kan keke, don keke ba ya ɗaukar akuya. Ta sauko da shi daga kicin ta goge masa ƙura.

Ranar farko da ya fito da shi, duk majalisa ta taru. Lule ya shimfiɗa tawul a kujera yana wasa aska. Salongo ya zo wucewa da akwati cike da biredi, yana tura keken da hannu.

Hajji ya ce, "Bismillah, Salongo, kujera tana jira."

"Me na ce muku? Cewa na yi in kun ga gindina a kan sirdi. Kun gani?"

"To haka za ka tura shi har shagunan Bukango?"

"Likita ne ya ce in riƙa tafiyar ƙasa. Kuma motata tana nan tana aiki, ita ce mota ta farko a gundumar nan da take yin ƙwai."

Sati uku ke nan yana tura keken nan, hawa da gangara, takalminsa ya cinye, ƙafarsa ta kumbura, biredi yana isa shaguna da azahar. Lule kuwa ya bar wa almajiransa aski, ya ce shi yanzu yawon shan iska yake so, kullum yana bin hanyar Bukango da aska a aljihu.

Yau da safe na je ɗebo ruwa, sai na hango Salongo a saman gangaren bayan gonar kofi, daidai inda motar ta faɗi. Ya tsaya yana haki. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ba kowa. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora, ya zauna a sirdi, har da lumshe ido. Bai san Lule da Hajji da Ciyaman suna tsugune a bayan surin nan ba tun... Wayyo, ana kirana. Shi ne, ya dawo. Yana cewa, "Nakato! Kawo mini madubin uwarki, kuma duk wadda ta yi dariya a gidan nan..." To bari in ɓoye littafin nan kafin ya